Manomin Bagudo Da Sayen Jif Ta Hannu

Idan kaka ta yi, aka kai shinkafa kasuwa, kuɗi suka shigo hannu, akwai wata magana da kan taso a zaurukan Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo, watau maganar mota. Magidancin da ya shekara goma yana goya uwargida da 'ya'ya biyu a bayan babur, ga buhun taki a ɗaure bisa tanki, lalle ba wanda zai ga laifinsa in ya fara tunanin ƙafa huɗu. Galibi kuwa ba ƙaramar mota irin ta 'yan birni yake so ba. Wadda yake so ita ce matsakaiciyar jif, mai tsawon ƙafa, mai kujeru bakwai, wadda za ta kai iyali biki Kamba ko asibiti Birnin Kebbi ranar Litinin, ranar Talata kuma a ɗaura mata ƙaramar tirela irin wadda masu walda ke haɗawa, ta ja injin ban-ruwa da taki da iri zuwa fadama.

Masu wannan buri sun ƙaru tun daga watan Nuwamba na 2015, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance. Noman rani ya bunƙasa a bakin Kogin Kwara, injunan ban-ruwa suka yi yawa, kayan da ake kaiwa gona suka fi ƙarfin jaki da babur. Sabuwar mota kuwa ba ta manomi ba ce, ba ta ɗan kasuwar ƙauye ba ce, balle akawun ƙaramar hukuma mai jiran albashi. Saura ta hannu. To, a nan ne mutum zai iya zuba gumin shekara uku cikin abu guda, ya wayi gari ko dai ya huta, ko kuwa ya saya wa kansa ciwon kai mai taya huɗu.

Arahar bakin iyaka

Ƙasar Bagudo tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, wadda dattawa suka sani da sunan Dahome kafin a sauya mata suna a 1975. Daga Tsamiya in an ƙetare sai Segbana, daga nan sai Kandi, inda aka haɗu da babban titin da ya taso daga Kwatano ya bi ta Parakou ya nufi Malanville a bakin kogi. Tsakanin Kwatano da Kandi ya fi kilomita 600. Shekaru da yawa jiragen ruwa suna sauke tsofaffin motocin Turai da na Amurka a tashar Kwatano, a jera su a manyan filayen Sekandji, yawancinsu kuwa ba don mutanen Benin aka kawo su ba, don kasuwar Nijeriya ne. Har sunan garin ya zama sunan haja, ana cewa 'yar Kwatano. Waɗansu akan rubuta musu takarda cewa Nijar za su wuce, sa'an nan a hanya su karkata su shigo ta ɓarauniyar hanya.

Saboda haka mutumin Bagudo ba ya rasa wanda zai rada masa cewa akwai jif a can tsallake, sumul, kuɗinta bai kai na Kano ko na Kaduna ba ko kusa. Maganar gaskiya ce ta fuska guda. Arahar ba daga ko'ina ta fito ba sai daga kuɗin fito da ba a biya ba. A watan Disamba na 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga 1 ga Janairu, 2017, aka ce sai ta tashoshin jiragen ruwa. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya. An buɗe huɗu a Disamba na 2020, sa'an nan a Afrilu na 2022 aka ƙara huɗu, har da ta Kamba. Dokokin iyaka sukan sauya daga gwamnati zuwa gwamnati, amma akwai abin da bai taɓa sauyawa ba: motar da ba a biya mata fito ba, ta kwastan ce duk ranar da suka gan ta, ko da ta shekara biyar a hannun mai ita, ko da shi ne na huɗu da ya saye ta, ko da bai san kome ba. Ba a bin wanda ya shigo da ita, wanda aka samu da makulli shi ake riƙewa.

Mutum ya kwatanta wannan a ransa. Ga uwargida cikin naƙuda, an nufi Birnin Kebbi da dare, a shinge aka ce a kawo takardun fito, aka duba aka ga na jabu ne. A wannan dare arahar ta ƙare.

A watan Maris na 2024 hukumar kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su biya fiton da ya kamata, tare da tarar kashi 25 cikin 100 a kai. Wanda ya yi lissafi a lokacin ya ga kuɗin sun zarce abin da zai kashe da tun farko ya sayi mai cikakkiyar takarda. Har wa yau arahar kanta ta ragu. Kuɗin Benin sefa ne, ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta yi ƙasa, duk abin da aka yi wa kuɗi da sefa sai ya yi tsada ga mai naira.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. Kowace mota da aka biya mata fito tana da takardar kwastan mai ɗauke da lamba wadda ta fara da harafin C, da shekarar da aka biya, da tashar da aka biya. Mai saye ya karɓi kwafin takardar, ya kai ofishin kwastan na Birnin Kebbi da ƙafarsa, ya nemi a duba masa. Kada ya aiki dillalin, kada ya aiki ɗan'uwan dillalin. In mai mota ya fara cewa takardar tana wajen wansa a Ikko, za a aiko da ita bayan ciniki, to, an gama magana, sai a yi sallama.

A auna kaya kafin a ga mota

Yawancin masu saye suna farawa ne daga launi da sheƙi da sanyin na'urar ciki. Kamata ya yi a fara daga buhu. Mutum ya zauna da takarda da fensir tun kafin ya taka wurin masu sayarwa, ya rubuta abin da zai ɗora wa motar a rana mafi nauyi ta shekara, domin kowace mota masu ƙera ta sun yanka mata iyaka biyu, ɗaya ta abin da za ta ɗauka a jikinta, ɗaya ta abin da za ta ja a baya. Iyakar farko tana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Ta biyu tana cikin littafin motar. Motocin Amurka da laba suke lissafi, laba 1,000 kuwa kilo 454 ne.

A ɗauki Toyota Highlander, ƙirar 2008 zuwa 2013 mai babban inji na silinda shida. Dillali zai ce tana jan laba 5,000, watau kilo 2,268. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Wannan nauyi na wadda aka haɗa mata kayan ja tun daga masana'anta ne: lagireto mai ƙarfi, da fanka mai ƙarfi, da abin sanyaya baƙin mai, da abin sanyaya man giya. Wadda ba ta da waɗannan, iyakarta laba 2,000 ne, watau kilo 907. A ido ba su da bambanci, sai makanike ya buɗe gaba ya duba. Ƙugiyar da aka gani a bayan mota ba shaida ba ce, kowa na iya ɗaura ƙugiya.

To, a ce tirelar da mai walda ya haɗa da ƙarfe mai kauri ta kai kilo 400 ba kome a cikinta. An ɗora buhun taki 20, kowane kilo 50, ya zama kilo 1,000. Jimla kilo 1,400. Wannan ya wuce ƙarfin wadda ba ta da kayan ja da kusan kilo 500, alhali a idon manomi buhu ashirin ba wani kaya ba ne. In ruwa ne za a ja, kowace lita kilo ɗaya ce, durom mai lita 200 kilo 200 ne ban da ƙarfensa, ga shi ruwa yana tangaɗi a kwana yana fizgar mota.

Ba a nan lissafin ya tsaya ba. Tirelar da aka loda daidai, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinta yana sauka ne bisa ƙugiyar mota, watau a wannan misali kilo 140. Wannan nauyi a jikin mota yake, don haka daga iyakar farko za a cire shi. Matsakaitan jif galibi abin da suke ɗauka, mutane da kaya duka, yana tsakanin kilo 500 da 700. Maigida da uwargida da tsohuwa da yara huɗu sun kai kilo 300. A ƙara jakunkuna da jarkar mai da buhun tsaraba, kilo 100. A ƙara na ƙugiya. An kai 540 ke nan, ba a ma ɗauki maƙwabcin da ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga hannu ba, wanda kuwa a ƙasar nan ba a wuce shi. Abin da lissafin ke nunawa shi ne motar tana iya aikin iyali, tana iya aikin gona, amma ba ta iya biyun a tafiya guda in kayan sun yi nauyi.

Sai maganar birki, wadda ita ce ta fi kowace haɗari, ita ce kuma aka fi mantawa. Waɗannan manyan lambobi duka an rubuta su ne don tirela mai birkin kanta. Littafin Toyota na motocin Amurka ya sharɗanta birki ga duk tirelar da ta wuce laba 1,000. A Turai iyakar tirela marar birki kilo 750 ce. Tirelar mai walda kuwa ba ta da birki, tayoyi biyu ne da ƙarfe. Idan an taka birki a gangara, kilo 1,400 ɗin nan ba su san an taka ba, sai su ci gaba da tafiya suna tura motar daga baya. Saniya guda da ta faɗo titi a hanyar Ka'oje ta isa ta nuna wa direba wannan. Wanda ba zai sa wa tirelarsa birki ba, ya raba kayan gida biyu ya yi sawu biyu. Mai ya fi tsada, amma ba kamar kwanan asibiti ba.

Akwai kuma wanda in ya gama lissafin zai ga ba jif yake bukata ba sam. Mai kwasar shanshera buhu hamsin daga fadama, akori-kura ce abokiyar aikinsa, ko kuwa keken shanu ya fito da kayan bakin titi a yi hayar babbar mota. Ba abin kunya ba ne. Dattawan da suka yi zamani da akori-kurar Peugeot, ta kamfanin da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sun san ba ta da kyaun gani, amma ba ta taɓa yin ƙaryar abin da za ta iya ba.

Iri biyu masu suna ɗaya

Duk jif ake ce musu, amma ƙirarsu biyu ce. Akwai wadda aka ɗora gangar jikinta bisa shasi na ƙarfe mai kama da tsani, kamar yadda ake gina babbar mota. Toyota 4Runner da Prado da Nissan Pathfinder ƙirar 2005 zuwa 2012 suna cikin wannan gida. Akwai kuma wadda jiki da shasi abu guda ne, kamar ƙaramar mota da aka ɗaga ƙafafunta. Highlander da Honda Pilot da Lexus RX da Pathfinder daga 2013 suna nan. Ta biyu ta fi laushi a kwalta, ta fi fili a ciki, ta fi sauƙin shan mai. Ta farko ta fi jure wa gargada da rami da jan kaya shekara da shekaru, in ta lanƙwashe ma an fi iya gyara ta.

Hanyar da mutum ke bi ita ce za ta raba gardama. Akawun da ke zaune cikin garin Bagudo, tafiyarsa Koko da Jega da Birnin Kebbi, sai sau ɗaya a wata ya ja injin ban-ruwa zuwa gonarsa ta bakin titi, Highlander ko Pilot ta ishe shi. Manomin da gonarsa ke can cikin fadamar Illo, inda rani yashi ne damina kuwa laka mai riƙe ƙafar sa, wannan mai shasi ce tasa, mai ƙaramar giyar ƙarfi da ake sawa in mota ta kafe. Highlander ba ta da wannan giya ko da tana ja da tayoyi huɗu.

A nan ma akwai abin da ke yaudarar mutane. Ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Highlander da yawa tayoyin gaba kaɗai ke ja, 4Runner da yawa na baya kaɗai. Mai jan gaba kuwa in tirela ta danne mata baya, gaban ya yi sama, sai tayoyin su riƙa wulwulawa a cikin taɓo ba ci gaba. Rubutun da ke manne a bayan mota ba hujja ba ne, ana sayar da shi a kasuwa. A durƙusa a leƙa ƙasa a ga ko ƙarfen da ke kai ƙarfi yana isa ga tayoyin gaba da na baya duka.

Kayan gyara kuwa, na Toyota ne suka fi kusa. Ana samun yawancinsu a Birnin Kebbi da Sakkwato, wanda ya gagara a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Ikko. Motar da makaniken Bagudo bai taɓa buɗe irinta ba, ko nawa aka rage, za ta yi wata guda bisa duwatsu tana jiran wani ɗan ƙarfe, shuka kuwa ba ta jira.

Duba mota

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba mota ba ne. A je da safe kafin a tayar da ita, da makaniken da mai saye ya zaɓa ya kuma biya da kansa, a taɓa inji a ji ko da sanyi. Injin da aka ɗumama kafin baƙo ya iso yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alamar inji na cin baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Abu na farko da za a karanta shi ne lambar shasi. Tun 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da lamba mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Dole waɗannan biyu su dace da juna, su dace da ta takardar kwastan, harafi da harafi. Na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 8 ita ce 2008, 9 ita ce 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin akwai masu sauya wa tsohuwar mota fitilu da hanci su ce ta bara waccan ce. Harufan I da O da Q ba sa shiga lambar ko kaɗan, in an gan su an taɓa ta. Da wannan lamba kuma, yaron da ya iya intanet zai iya nemo tarihin motar a Amurka da kuɗi kaɗan, a ga ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin ta tashi aiki. Da yawan motocin da ke zuwa Afirka ta Yamma daga gwanjon irin waɗannan suke fitowa. Agogon tafiyarsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6, saboda haka 150,000 a fuskar agogo kilomita 240,000 ne, in ma ba a mai da shi baya ba. Fedar birki da sitiyari da kujerar direba sun fi agogo faɗin gaskiya.

Mutanen bakin Kwara, waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2020, ba sai an gaya musu abin da ruwa ke yi wa kaya ba. Amurka ma tana da nata. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, dubban motoci sun kwana cikin ruwa, aka busar da waɗansu aka sayar. Irin wannan mota takan yi lafiya wata shida, sa'an nan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina. A jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai zanen ruwa. A duba ramin tayar safiya da ƙarƙashin kujeru, in an ga busasshiyar laka ko tsatsa a kan ƙusoshi, a bar ta. Wadda ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada kuwa, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙasanta ake dubawa. Makanike ya ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman can baya inda ƙugiya za ta zauna. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne.

Giya ita ce ke fara mutuwa a motar da ke jan kaya, zafi ne kuwa ke kashe ta, ga shi a watan Afrilu ƙasar nan ba ta da sauƙi. In motar tana da sandar duba man giya, a zaro a shafa a farar takarda. Ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa giya ta sha wuya. Pathfinder ƙirar 2005 zuwa 2010 an san ta da wata cuta, lagireto ya tsage ta ciki ruwa ya gauraya da man giya, har kamfanin ya tsawaita lamuninsa a kan wannan. In man ya yi kamar madara, ba ciniki. Pathfinder daga 2013 kuma ta zo da wata irin giya mai aiki da sarƙa, wadda ba kowane makanike ke iya gyara ta ba. Injin Toyota na 3.0 da 3.3 da ke cikin tsohuwar Highlander, da na Honda Pilot, da bel na roba suke juya cikinsu, ana sauya shi wajen kowane mil 90,000 zuwa 105,000. Tun da ba wanda zai rantse yaushe aka sauya, mai saye ya sa kuɗin sabon bel cikin lissafinsa. Injin Toyota na 3.5 da na 4.0 da sarƙa suke, ba su da wannan hidima.

Motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, a guje ta. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, don haka motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama akan yanke su a mayar, aikin kuwa ya taɓa birki da sitiyari, abubuwa biyu da ba a son hannun mai walda a kansu. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa, alƙaluma huɗu a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3518 na nufin mako na 35 na 2018. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta bai goge ba, zafin kwalta da nauyin kaya suna iya fasa ta.

Daga nan sai gwaji. Ba zagayen fili ba. A hau kwalta har giya ta shiga ta ƙarshe, a ji ko tana fizga ko tana jinkiri. A sauka gargada a saurari ƙafafu. A saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya a ga ko tana karkata. A duba fitilun gargaɗi na gaban direba: in an murɗa makulli dole dukansu su kama, in inji ya tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi. Uwargida ma tana da ta cewa, domin kujerun can baya na yawancin waɗannan motoci na yara ne, babba ba ya iya zama a ciki daga Bagudo zuwa Sakkwato, in an buɗe su kuma wurin kaya ya kusa ƙarewa.

Bayan an sallama

A rubuta yarjejeniya, da lambar shasi da lambar inji da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu, a karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara taya. Kuɗi ta banki sun fi, don su bar sawu. Sa'an nan a je a sauya sunan mai mota a ofishin lasin, a yi inshora ta gaskiya. A Janairu na 2023 an ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar motar gida zuwa naira 15,000. Mai zuwa cin kasuwa Segbana ko Kandi da motarsa yana bukatar katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a Kwatano a 1982, in ba haka ba ƙaramin karo a can tsallake ya zama babbar shari'a.

Kada a kashe kuɗin duka a kan saye. A bar abin sauya mayuka da bel da tayoyi, a bar na mai. Babban inji mai silinda shida yana shan kimanin lita 12 a kilomita 100 bisa titi mai kyau ba kaya, da tirela a yashi kuwa ya wuce haka nesa. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya zama na kowane wata, ba na ranar saye kaɗai ba.

Ƙugiya kuma a ɗaura ta da ƙusoshi a ramukan da masu ƙira suka tanada a jikin shasi, ba a liƙa ta da walda a bamba ba. A sa sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashinta, domin in ta kuɓuce bakin tirela ya faɗa kansu maimakon ya soki ƙasa. A ja waya a sa wa tirela fitilar birki da ta kwana. Wajen lodi, mafi nauyin kaya ya zauna gaban tayoyin tirela kaɗan, in ya koma baya sai ta fara kaɗa wutsiya da zarar an yi sauri. Yaro ko ɗan ƙwadago ba ya hawa tirela, ko da gonar tana bayan gari. Ruwan da ya haye hanya da damina, in ba a ga ƙasansa ba, wani ya shiga da sanda tukuna, domin inji in ya shaƙi ruwa ta hancinsa ya gama. Sawun farko a yi shi da rabin kaya, da rana, a hanyar da aka sani, a taka birki sau biyu sau uku a fili a ga nisan da take ci kafin ta tsaya, sa'an nan a tsaya a sa hannu kusa da tayoyin tirela a ji ko sun yi zafi.